Xiaomi Smart Band 9: abin da yake aunawa da gaske, da abin da yake kintata kawai

Xiaomi Smart Band 9 siririn agogon hannu ne da kamfanin Xiaomi na ƙasar Sin ya fitar a 2024, a kan kuɗi kusan Yuro 40 a kasuwannin Turai. Nauyinsa bai kai giram 16 ba idan an cire madauri, fuskarsa inci 1.62 ce, kuma haskenta ya ninka na Band 8, samfurin da ya gabace shi, sau biyu, shi ya sa ana iya karanta ta ko da tsakar rana a Kano ko Maraɗi. Talla tana cewa zai kula maka da jiki, barci da kwanciyar hankali gaba ɗaya. Gaskiyar magana, abu uku ya iya da kyau: tayar da mutum ba tare da ƙara ba, nuna masa awa nawa yake barci, da ƙirga takunsa daidai gwargwado. Sauran lambobin da yake nunawa akwai na dubawa a wuce, akwai kuma waɗanda gara a kashe su tun ranar farko.

A fara da tashin asuba, domin nan ne kuɗinka zai fi fita. Ƙararrawarsa girgiza ce a wuyan hannu, ba ta tayar da mai ɗaki ko jinjirin da aka sha wahala kafin ya yi barci. Da zarar an saita ta, tana zaune a cikin agogon ne, ba ta buƙatar waya a kusa. Amfanin wannan ya wuce yadda ake zato: mutum yana iya barin wayarsa a falo tana caji ya shiga ɗaki ba tare da ita ba, wanda shi ne mataki mafi girma ga duk wanda WhatsApp da TikTok ke cinye wa dare. Sai dai ƙararrawar ba ta bin lokacin salla da kanta. A Kano alfijir yana ketowa wajen biyar saura kwata a watan Yuni, ya kai biyar da rabi da 'yan mintoci a Janairu. Wanda ya saita sau ɗaya ya manta, ko dai ya riƙa tashi da wuri ba dalili, ko ya riƙa riskar liman a tahiya. A riƙa gyara ta duk bayan mako biyu. Mai nauyin barci ya sa biyu, tsakaninsu minti biyar, ya kuma ɗan matse madaurin kafin ya kwanta, don girgizar ba ta ratsa fata idan agogon yana lilo.

Akwai masu dogara da manhajar lokutan salla ta waya ta turo sanarwa zuwa agogon. Hakan yana yi, amma da sharaɗi biyu: Bluetooth a kunne kuma waya ba ta yi nisa ba, sannan wayar ba ta kashe Mi Fitness, manhajar Xiaomi da ke haɗa agogon da waya, a ɓoye ba. Wayoyin Tecno, Infinix da itel suna da wannan halin, suna rufe duk manhajar da ba a buɗe take ba don tattalin batiri. Alamarsa ita ce sanarwa ta yi kwana biyu tana zuwa, rana ɗaya ta ɗauke. Maganinsa a shiga saitin batirin wayar a cire Mi Fitness daga cikin waɗanda ake taƙaitawa, a ba ta izinin kunna kanta, sannan a kulle ta a jerin manhajojin da aka buɗe kwanan nan.

Batun barci yana buƙatar bayani mai ɗan tsawo. Agogon yana gane barci ne daga rashin motsin hannu da sauyin bugun zuciya. Lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da ya tashi yana kamo su kusa da daidai, kuma wannan kaɗai ya isa. Likitocin barci sun yi ittifaƙi cewa baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Lissafin ba shi da wuya: mai tashi ƙarfe biyar na asuba, goma ce lokacin kwanciyarsa. Wanda ya zauna majalisa ko teburin mai shayi har sha biyu, awa 5 zai samu, kuma agogon zai nuna masa haka baƙi da fari kowace safiya. Mutane da yawa suna ɗauka suna yin awa 7, sai makon farko ya nuna musu ba su kai 6 ba. Dama an ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha da hira bayanta, ga shi lissafin awoyi ya zo ya tarar da maganar a inda take.

Abin da ba a dogara da shi ba shi ne rabe-raben da yake yi na barci mai nauyi, mara nauyi da na mafarki. A asibiti da wayoyin da ake manna wa a kai ake tantance wannan, daga aikin ƙwaƙwalwa. Agogo kintata yake yi, haka ma makin da yake bayarwa bisa 100. Har ila yau an gina lissafinsa ne a kan wanda zai kwanta sau ɗaya ya tashi sau ɗaya. Mu kuwa barcinmu a rabe yake: a tashi asuba, wasu su koma, wasu su yi ƙailula bayan azahar. Barcin bayan asuba wani lokaci yana haɗa shi da na dare, wani lokaci ya ware shi a matsayin gajeren barci, makin ya faɗi alhali mutum ya huta. Gyangyaɗin da bai kai minti 20 ba ba ya ƙirga shi. Wanda ya zauna shiru yana karatun Alƙur'ani ko lazimi bayan asuba kuma, yana iya tarar da an rubuta masa cewa barci yake. Don haka a riƙa haɗa jimillar awoyin yini da kai, a dubi matsakaicin mako, a bar makin. Likitoci sun riga sun rubuta labarin mutanen da damuwa da makin barci ta hana su barcin kansa. Duk wanda ya ga ya fara tashi da fargabar abin da agogo zai ce, ya cire shi da dare na mako biyu.

Idan awoyin sun yi kaɗan, abin da za a taɓa sananne ne. Sinadarin da ke hana barci a shayi, kofi da goro yana ɗaukar kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka goron la'asar yana nan a jini lokacin kwanciya. A matso da lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana uku maimakon a yi tsalle na awa biyu dare ɗaya, wanda yakan ƙare da juye-juye a gado. Ƙailula ta tsaya a minti 20 zuwa 30. Ta wuce haka, mutum zai tashi da nauyin kai, dare kuma ya yi ido biyu.

Ƙirgar taku tana da kyau idan tafiya ce sosai, hannu yana lilo. Tana ɓacewa a wurare da aka sani. Hawa acaɓa ko Keke Napep a hanya mai gargada yana ƙara taku na banza. Daka, wanki, tuƙin tuwo da shara su ma haka, shi ya sa ya fi kyau a ɗaura shi a hannun da ba a cika aiki da shi ba. Akasin haka, mai tura baro ko mai riƙe da kaya hannunsa bai motsi, sai a tauye masa. Maganar taku 10,000 da ta zama kamar doka, asalinta sunan wata na'urar ƙirga taku ne da aka tallata a Japan a 1965. Wani babban nazari da ya haɗa bincike da dama, wanda aka buga a 2022, ya nuna amfanin yana daidaita a taku 6,000 zuwa 8,000 ga wanda ya kai shekara 60, da 8,000 zuwa 10,000 ga wanda bai kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa da mintoci take magana: 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, wanda agogon ba ya ganinsa da kyau.

Hanyar da ke ɗorewa ita ce a sa shi mako guda ba tare da canza komai ba, a ga matsakaicin, sannan a riƙa ƙara taku 500 zuwa 1,000 kowane mako. Tafiyar minti 10 da ɗan sauri tana ba da kusan taku 1,000. Masallacin da ke da nisan minti biyar, zuwa da dawowa sau biyar, ya ba mutum kusan 5,000 ba tare da ya ware lokaci ba. Matan da ba sa fita suna iya zagaya tsakar gida minti 10 bayan kowane abinci, wanda ke taimakawa wajen rage hauhawar suga bayan ci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tafiyar ta koma bayan asuba ko dab da magariba. Agogon ba shi da GPS na kansa, mai son taswirar hanyarsa sai ya ɗauki waya. Akwai kuma tunatarwar tashi idan an yi awa guda a zaune, mai amfani ga tela, mai shago da ma'aikacin ofis.

Bugun zuciya da fitila mai launin kore yake auna shi, wadda ke haska fata daga ƙarƙashi. A zaune ko a kwance yana da kyau. A cikin gudu ko ɗaga ƙarfe yana makara ko ya yi tsalle. A ɗaura shi yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, kada haske ya shiga ta gefe. Lambar da ta fi amfani ita ce bugun hutu. Ga baligi 60 zuwa 100 a minti ake ɗauka daidai, amma abin lura shi ne naka na kullum: idan ya saba zama 68 sai ya koma 80 kwana uku a jere, ana iya zargin zazzaɓi, ƙarancin ruwa ko rashin barci. A watan azumi wannan yakan nuna wanda bai sha isasshen ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur ba.

Awon iskar oxygen a jini kada a gina hukunci a kansa. Ko na'urar yatsa ta asibiti, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna ta fi ɓoye ƙarancin iska ga baƙar fata kusan sau uku fiye da farar fata, balle agogon wuyan hannu. Mai numfashi da ƙyar ya tafi asibiti ko da agogo ya ce 98. Hawan jini da suga kuwa ba ya auna su sam, kuma Xiaomi ba ta ce yana yi ba. Mai hawan jini na'urar damtse yake buƙata.

Makin damuwa shi ne mafi rauni. Daga tazarar da ke tsakanin bugu da bugu yake lissafa shi, wanda shayi, zafin rana da hawa bene duk suna taɓawa. Bai san bashi ko rigimar gida ba. Atisayen numfashinsa na minti 1 zuwa 5 ya fi makin amfani: girgiza tana gaya maka lokacin ja da lokacin saki, kuma minti biyu kafin kwanciya ko bayan an ɓata maka rai suna saukar da bugun zuciya. Abin da ya fi taɓa kwanciyar hankali shi ne sanarwa. Idan aka bar duk guruf na WhatsApp yana girgiza hannu, an sayi damuwa ne da kuɗi. A bar kira da ƙararrawa kaɗai. A kashe hasken da ke kunnuwa idan an ɗaga hannu, ko a taƙaita masa lokaci, domin a sahu yakan haska da kabbara da ruku'u ya ɗauke hankalin mai shi da na kusa da shi. Ƙirgar zikiri a bar wa carbi da gaɓoɓin yatsu. Ɗora hoton tashin ƙarfe uku na dare a status kuma, wannan tsakanin mutum ne da niyyarsa.

Ruwa ba ya yi masa komai a alwala, ruwan sama ko iyo, amma ban da ruwan zafi da sabulu, waɗanda ke cinye robar da ke toshe shi. Matsalar alwala daban ce: wanke hannu zuwa gwiwar hannu farilla ne, cuɗawa ma farilla ce a mazhabar Malikiyya, madaurin roba da ya kama fata kuwa yana hana ruwa shiga. A sassauta shi a tura sama, ko a cire. Bayan an gama a goge fata da madaurin, domin danshi da gumi da ke maƙalewa a ƙarƙashi sau biyar a yini su ne ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai saurin samun haka ya sauya zuwa madaurin zare. Na Band 8 yana shiga, na Band 7 ba ya shiga.

Batirinsa 233 mAh ne, kamfani ya ce kwana 21, ko 9 idan fuska ba ta mutuwa. Kwana 21 ɗin lissafin kamfani ne. Awon zuciya duk minti 10, ba tare da awon oxygen da damuwa na yini ba, zai kai mutum wajen mako biyu, cajinsa kuma kusan awa ɗaya ne. Wasu fawa-bank suna kashe kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi saboda wutar da yake ja ta yi kaɗan, sai a nemi mai yanayin ƙaramin caji ko a jona a kwamfuta. Cajarsa ta maganaɗisu ce ta musamman, ta waya ba ta yi, don haka a sayi ta biyu tun a shago, a kuma riƙa goge ƙarafuna biyun bayansa da busasshen ƙyalle, gumi yana sa su daina karɓar caji.

Jabu sun cika kasuwa, daga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano har shagunan intanet, da sunaye irin su M8 da M9. Suna amfani da wata manhaja daban, kuma suna alƙawarin auna hawan jini. Gwaji biyu sun isa kafin a biya: a haɗa shi da Mi Fitness a gaban mai shago, sannan a ajiye shi a kan tebur a danna awon zuciya. Idan ya ba tebur lamba, a mayar masa da kayansa. A tambayi samfurin kasuwar duniya, ba na cikin gidan Sin ba, don guje wa matsalar yare da yanki. Mai Band 8 da ke aiki lafiya ba shi da dalilin sauyawa sai idan hasken rana yana hana shi ganin fuskar.