Albam, katin hoto ko sandar haske: wanne ya cancanci kuɗin mai son K-pop?

Toh masoya waƙar Koriya, kafin mutum ya tura dalolinsa Seoul gara ya san me yake saya tukunna, don harkar nan ba irin sayen kaset ɗin da muka sani bane. Tun 2012 da bidiyon Gangnam Style na Psy ya zama na farko da ya kai kallo biliyan 1 a YouTube abin yake ta gaba, ƙungiyar mawaƙa ta BTS suka fito a 2013, ta Blackpink a 2016, a 2020 BTS suka hau lamba 1 a jadawalin waƙoƙi na Billboard Hot 100 na Amurka, Jungkook ɗan BTS har waƙa ya yi a bikin buɗe kofin duniya na Qatar a 2022, ƴan ƙwallo da yawa ma ranar suka fara ganin fuskarsa. Amma abin mamakin shine a zamanin da duniya ta watsar da faifan CD su kamfanonin Koriya miliyoyi suke sayarwa, ƙungiyar Seventeen kaɗai albam ɗinsu FML na 2023 ya haura kwafi miliyan 6. Ba wai mutane sun koma jin waƙa a CD bane fa, takardun da ke cikin kwalin ake bi, faifan kuwa yawanci ko cire shi daga mazauninsa ba a yi.

Saboda haka in waƙar ce kawai damuwarka, magana ta ƙare tun nan. YouTube kyauta ne sai dai data, Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, ga Apple Music, kuɗin wata ɗaya bai kai ko kusa da kuɗin albam ɗaya ba kuma za ka sauke waƙoƙin ka ji ko babu netwok. Babu abin kunya a nan, ba sai ka tara kwalaye a ɗaki ba kafin a kira ka masoyi.

Wanda kuma ransa ya biya sai ya riƙe abu a hannu, nan ne ake rikicewa, don albam ɗaya sai ka ga an fito da shi kala huɗu ko biyar, waƙoƙin ciki duk iri ɗaya ne, kwalin da hotunan ne suka bambanta. Babban cikinsu shine mai littafin hotuna, wanda za ka buɗe ka tarar da littafi mai kauri, takarda mai sheƙi, faifai, katin hoto ɗaya ko biyu, sitika, wani lokacin da fosta a ninke. Shi ne ya fi kyau a kan kanta kuma shi ne in ka ba ƙanwarka kyauta za ta yi ta tsalle, galibi kuɗinsa na yawo tsakanin dala 15 zuwa 25 a can. Matsalarsa ɗaya nauyi, kuma nauyi shine abin da masu aike suke cajin kuɗi a kai, sai ka ga kuɗin kawowa ya kamo kuɗin kayan ko ma ya wuce shi.

Sai ƙananan, wato mai gidan roba irin na CD ɗin da da mai kwali siriri, waɗannan sun fi araha sun fi sauƙin ɗauka, sau da yawa ma fuskar mutum ɗaya daga cikin ƙungiyar ce a bango, to in akwai wanda ka fi so a cikinsu wannan ya fi maka. Sai dai a kula, wasu shagunan ba sa bari ka zaɓa, duk wanda hannun mai ɗaurin kaya ya faɗa kai shi za a turo, ka karanta bayanin da kyau kafin ka danna.

Na ukun su ne waɗanda babu faifai kwata-kwata. Na Weverse, wato dandalin masoya na kamfanin su BTS, kati ne mai lambar QR, ka haska da waya a manhajarsu waƙoƙi da hotuna su buɗe, kamfanin waƙa na SM na da nasu ɗan mitsitsi mai suna SMini da ake mannawa a bayan waya, shi kuma sai wayar tana da NFC, wato fasahar da ke karanta abu in an kara shi a jikin waya, kuma wayoyi masu saukin kuɗi da yawa ba su da shi, kar ka saya ka zo kana ta goga abu a bayan waya shiru. Akwai kuma KiT, ƴar na'ura ce da ita ma sai da manhaja. Ni a ganina waɗannan su suka fi dacewa da mai nisa ta fuskar kuɗin aike, ambulan ɗaya ya ɗauke su, amma gaskiya ba na jin daɗin abin da rayuwarsa ke hannun manhaja, ranar da kamfani ya ce ya daina kula da ita sai a bar ka da kati kawai. Littafin hoto kuwa ko bayan shekara goma in gara bata ci ba yana nan.

Yanzu katin hoto, wanda shi ne ainihin tarkon. Ɗan kati ne girmansa kamar na ATM da hoton ɗaya daga cikin mawaƙan, ana saka shi a kwali ba tare da ka san na wa zai fito maka ba, cinikin biri a sama kenan. Ƙungiya irin Seventeen mutum 13 ne, kuma kowa da katinsa kala-kala, to ka lissafa sau nawa za ka saya kafin naka gwanin ya faɗo. Da haka ake cinye kuɗin yara wallahi, a sayi na farko bai fito ba a ƙara na biyu, a ce na ukun dai, kuma kamfanonin sun san abin da suke yi. Shawarata ka sayi albam ɗaya tak, in ba wanda kake so ya fito ba ka nemi musaya da wani, ko ka sayi katin shi kaɗai a hannun masu sayarwa, ko da ya ɗan yi tsada ya fi maka sayen kwali biyar. Wasu shagunan irin Ktown4u da Weverse Shop suna ƙara kati na musamman ga wanda ya yi oda kafin ranar fitowa, wannan in ya wuce ya wuce, shi ya sa yake tsada daga baya.

Akwai wata ƙofa da mutane ba su cika lura da ita ba. A Koriya kowane kwafi da ka saya a wasu shaguna kamar tikitin ƙuri'a ne na zuwa taron da mawaƙan ke sa hannu su gaisa da masoya, shi ya sa wasu ke sayen kwafi rututu, su zare katunan su rasa inda za su kai sauran. Waɗannan buɗaɗɗun albam ɗin da babu kati ana sayar da su da arha sosai, littafin sabo dal, faifan ko taɓa shi ba a yi ba. In kai ba mai tara kati bane wannan ita ce garaɓasar da ta fi kowacce. Abin da kawai za ka rasa shine sayenka ba zai shiga lissafin Hanteo ko Circle ba, wato jadawalin da ake auna cinikin albam da su a Koriya, Circle ɗin shine wanda da ake kira Gaon kafin 2022. Wasu suna ɗaukar wannan lissafin da zafi don suna so gwanayensu su ci kyauta, in kana cikinsu sai ka sayi sabo a shagon da ya rubuta ƙarara cewa yana kai rahoto can, in ba ka damu ba kuwa ka riƙe canjinka.

Jabu kuma ya cika kasuwa. Albam na asali bugun Koriya za ka ga ƴar sitika mai walƙiya ta KOMCA a bayansa, hukumar haƙƙin mallakar waƙa ce ta ƙasar, ka ce mai kaya ya turo maka bidiyo yana juya ta a haske ba hoto ba. Kwalin nan kuma da ake tallata katuna hamsin da wani abu a farashin kwanon shinkafa, ana ce musu lomo, ba na kamfani bane, wasu ne suka kwaso hotuna a intanet suka buga. Ba laifi in don ado ne a bayan waya ko jikin madubi, amma kar a sayar maka da su da sunan orijina, kuma ba mai karɓarsu a musaya.

Sandar haske fa, wato sandar nan mai fitila da masoya ke kaɗawa a wajen wasan mawaƙa? ARMY Bomb na BTS, gudumar Blackpink mai ruwan hoda, Candy Bong na Twice, Carat Bong na Seventeen, duk suna da kyau ba ƙarya, ta asali kuma galibi daga dala 40 zuwa sama take. Amfaninta na gaske a filin wasa ne, inda ake haɗa ta da bulutut masu shirin su riƙa sauya kalar dubban sanduna lokaci ɗaya daidai da kiɗa. Wanda ke zaune Kano ko Zinder ko Kumasi bai da shirin tafiya Seoul ko Faris kallon wasa, tocila ce mai tsada kawai zai ajiye. Sai dai ko masu zuwa gasar rawa da waƙa irin wadda Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja ke shiryawa, su kam za su samu wajen kaɗa ta. Ni da kuɗin gara na sayi albam biyu. In dai an dage sai an saya, a tabbata tana haɗuwa da manhajar kamfanin don ta jabu ba ta yi, kuma a riƙa cire batir in an gama, in ya kwana biyu a ciki ya zubo ruwa ya ci ƙarfen shikenan.

Maganar kawowa, tun kafin ka cika kwando ka fara duba ko shagon na aikowa ƙasarku, don ba duka ke yi ba, sannan ka tabbatar katin bankinka na biyan dala, ka kuma ajiye wani abu a gefe saboda kwastan. Fosta in an ce za a naɗo ta a bututu ka ce a ninke ko a barta, bututun nan kaɗai na iya tada kuɗin aike. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗu ku biyar ko shida ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin jirgi, ko a aika wa ɗan uwa da ke Ingila ko Dubai ya taho da shi a jaka in zai dawo. Amma wanda za a tara wa kuɗin ya zama mutum ne da kuka san gidansu, ba mai hoton Jimin ɗan BTS a furofayil da ya buɗe shafi makon jiya ba, kuma ya nuna muku rasit da lambar bibiyar kaya ranar da ya biya.