GARGAƊI: Naira miliyan 3 da dubu 850 na biya, aka aiko mini da siminti a cikin amfilifaya

Naira miliyan 3 da dubu 850. Na fara da kuɗin ne don kada wani ya zo ƙasa yana tambayata nawa aka ci. Miliyan 3 da dubu 850, kusan rabin abin da na samu a shinkafar rani ta bana, na tura wa mutumin da ban taɓa gani ba sai ta gilashin waya, shi kuma ya aiko mini da siminti har Birnin Kebbi. Kwana 9 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce wanda zai yi dariya ya yi.

Kuma tun kafin masu iyayi su fara, ni ba baƙon kayan sauti ba ne. Tun ina saurayi nake fama da su, daga rediyo mai kaset biyu har na kai ga manyan sifikun Ingila guda biyu da na saya na hannu shekara 6 da suka wuce, ga su nan a falona. Na san wat, ma'aunin ƙarfin amfilifaya, na san om, ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, na san abin da ke ƙona sifika. Burina da ya rage shi ne amfilifaya ta gaske, irin haɗaɗɗiyar nan wadda ɓangaren zaɓen sauti da daidaita ƙara da ɓangaren da ke tura wa sifiku ƙarfi duk suke gida ɗaya. Ba don biki ba, ba don damun maƙwabta ba. So nake bayan isha'i in zauna in sa tsofaffin waƙoƙin fada, in ji kotso da kukuma kamar makaɗin na zaune a kan tabarma gabana. Wadda na ƙwallafa wa rai ita ce Luxman L-509X. Kamfanin Japan ne, tun 1925 suke wannan sana'a. Wat 120 take bai wa kowane gefe a kan sifikar om 8, nauyinta kilo 29 da 'yan kai, ga allurai biyu a fuskarta suna rawa da sauti. Kamfanin ba ruwansa da abin da ya same ni, ba wurinsu na saya ba, ba wurin dillalinsu ba. Ina faɗin wannan ne don a san na yi bincike. Na haddace ta kamar karatun allo.

A Facebook na ga tallar. Mai tallar ya ce yana Legas, kayan gwanjon Japan yake shigowa da su, wannan guda ɗaya ce ta faɗo masa a kwantena, mai ita ya rasu magada suka sayar. Bahaushe ne, Hausarsa tsaf. Farashin bai kai rabin na sabuwa ba, amma kuma ba irin arahar da ke sa mutum ya ja da baya ba ce. Da ya ce dubu 500 ne da ko amsa masa ba zan yi ba. Ya san inda ya ajiye farashin.

To ga wurin da ke hana ni barci. Na ɗana masa tarko. Wutar Japan bolt 100 ce, tamu 230, kuma wadda aka ƙera don kasuwar cikin Japan idan ka jona ta kai tsaye a bangonmu ka gama da ita. Na ce a raina idan ɗan damfara ne ba zai san wannan ba. Sai na tambaye shi kamar ban san komai ba, na ce idan ta iso kawai in jona? Wallahi ban rufe baki ba ya katse ni: "A'a Alhaji, kada ka kuskura! Wannan bolt 100 ce, sai da taransifomar rage wuta. Zan haɗa maka da ita kyauta, ba zan so dukiyarka ta salwanta ba." Ba zan so dukiyarka ta salwanta ba. Haka ya ce. Ina zaune a ƙofar gida a kan benci, na ji zuciyata ta kwanta lamo. Na ce wannan ya san kaya, kuma yana da tsoron Allah.

Muna cikin kiran bidiyon nan aka kira sallar la'asar a wajensu, ina jin ladanin ta wayar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, bari in ba da farali in kira ka." Bayan minti 20 ya kira, carbi a hannu. Ku gaya mini, wa zai zargi wannan? Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya ɗora a kan amfilifayar, ya rubuta ya ɗora. Na ce ya juya bayanta in ga lambarta da inda aka rubuta bolt 100, ya juya. Na ce ya kunna, ya kunna, allurai suka shiga rawa. Ni kuma ina gyaɗa kai ina cewa lalle, lalle, sauti ya yi. Sautin me? Ta 'yar sifikar waya da ba ta fi ƙwayar wake ba nake sauraren kayan miliyoyi ina yanke hukunci. Wannan kaɗai idan na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A daren na tura miliyan 1 da rabi kafin alƙalami. Bayan kwana biyu na tura miliyan 2. A'a, na tsallake, tsakaninsu akwai dubu 250 da ya ce na fito da sauran kaya ne daga tashar jirgin ruwa, wai kwalinta na asali da rimot suna cikin wani ƙunshin da ba a sallama ba. Ko bayan miliyan 2 ɗin ne ma? Bayan ne, don na tuna ranar Juma'a ce, na dawo daga masallaci na tura. Wannan kuɗin wani asusu daban ya ba ni, sunan ma ba nasa ba, ya ce na ƙanensa ne, nasa ya cika ba ya karɓa. Na ga sunan ya bambanta. Na gani da idona. Amma mutumin da ya ce kada in jona kai tsaye, mutumin da ya ajiye ciniki ya tafi sallah? Na tura. Sai dubu 100 na akwatin katako da kuɗin mota. Ku haɗa, miliyan 3 da dubu 850 ke nan.

Kuma ta iso! Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Da ya cinye kuɗin ya kashe waya, da na san irin damfarar da kowa ya sani ce. Kwana 11 na jira, direba ya kira ni daga tasha, na je da ƙanena, sai da mu biyu muka kinkima akwatin muka sa a but. Ban wuce gida ba. Don a san ba sakarai ba ne ni, sai da na biya wurin wani mai sayen shinkafa da nake hulɗa da shi, muka fasa katakon, muka ɗora ta tsirara a kan sikeli. Kilo 29 da ɗan wani abu. Na dubi ƙanena na ce, "Ka gani? Ƙarfe ba ya ƙarya." Shi kuma ya ce, "Yaya, Allah ya sanya alheri." Rimot da kwalin da na biya wa dubu 250 ba su cikin akwatin, na ce za su biyo baya.

Da dare na kira abokai biyu, maman yara ta kawo shayi. Na jona taransifomar rage wutar da ya haɗo, na jona sifiku, na danna. Irin waɗannan manyan idan ka kunna sukan yi shiru na 'yan daƙiƙu, sannan ka ji ƙas daga ciki, wato ta gama duba kanta ta saki sauti zuwa sifiku. Wannan ina dannawa sai ɗuf a sifikun, ba jira ba komai. Na ji, na share. Na sa waƙa. Da ƙara kaɗan ba laifi, amma ina murɗawa ya wuce kwata sai kotso ya koma kamar yara na dukan gwangwani, muryar mawaƙin tana yagewa. Abokan nan suka dubi juna. Ni ne na fara kare ta, na ce ai tsohon ɗauka ne. Muka yi awa biyu tana aiki, na ɗora tafin hannu a kanta, sanyi ƙalau kamar randa. Amfilifaya mai wannan girma dole ta ɗauki ɗumi. Wannan ma na gani na share. Washegari na je na sayo sababbin wayoyin sifika na dubu 45, wai ko su ne. Dubu 45 ɗin ma ban sa su a lissafi ba.

Na kira shi. Ya ɗauka fa, da fara'arsa. Ya ce, "Alhaji, ta daɗe a ajiye ne, ka bar ta a kunne mako guda ta gasu." Da yake masu harkar nan suna faɗin irin wannan, na yarda. Mako guda ina ƙona man janareta ina gasa siminti. Rana ta takwas lambarsa a kashe, shafin babu shi, ya yi layar zana.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a wajen tsohuwar kasuwa, tun muna yara yake wurin. Na kai masa da sassafe don kada a gan ni. Ya sa tabarau, ya kwance kusoshin murfin ɗaya bayan ɗaya yana jera su a murfin kwano, har ya nuna mini kawunansu duk sun ci, alamar an sha kwance su. Ya ɗaga murfin. Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Alhaji, wagga aba ai ba ta da hanji."

Na leƙa. Inda babbar taransifomar ciki ya kamata ta zauna, wadda ita ce ta fi komai nauyi saboda ƙarfe da jan ƙarfen da ke jikinta, gwangwanin madara ne babba aka cika da siminti aka fesa masa baƙin fenti. Inda manyan kafasitoci masu tara wuta suke zama, ramukan kusa ne kawai suka rage. Gefe da gefe an ɗaure gutsattsarin sifirin mota da waya. Can a lungu ga wani ɗan allo da bai fi tafin hannuna ba an manna shi da gam, shi ne duk amfilifayar, daga shi aka ja siraran wayoyi zuwa alluran don su riƙa motsi. Abin da ke ba shi wuta kuwa cajar laftof ce. Dattijon ya juya ta ya nuna mini rubutun da ke bayanta da bakin sukundireba: bolt 100 zuwa 240. Wato ko a bango na jona ba abin da zai same ta. Taransifomar rage wutar nan, da "kada ka kuskura Alhaji", da "ba zan so dukiyarka ta salwanta ba", duk wasan kwaikwayo ne. Tarkon da na ɗana masa da shi ya kama ni.

A ƙasan gidan akwai baƙin tabo na ƙuna. Dattijon ya ce a ganinsa ta asali ce wani ya jona wa wutarmu ta ƙone, aka yashe cikin aka sayar, gangar jikin ta rage. Ɗan allon kuma ya ce irin wanda yara ke sa wa a Keke ne, shi da cajar ba su kai dubu 20 ba. Ya cire tabarau ya ce, "Nawa kab biya?" Na ce masa dubu 400. Dattijon da ya girmi babana na yi wa ƙarya, shi kuma har ya riƙe baki yana salati a kan dubu 400.

Kilo 29 ɗin nan ne ke ci mini rai. Ashe shi ma ya haddace. Zama ya yi da sikeli yana ƙara siminti yana ragewa har ya daidaita, don ya san irina zai auna. Ungulu da kan zabo, amma wadda aka ɗinka daidai wuyan wanda ya yi bincike. Saboda haka wanda zai ce mini kwaɗayin araha ne, ko rashin sani, ya adana maganarsa. Na tambayi wuta, na ga lamba, na ga sunana a takarda, na auna. Abu ɗaya ne ban ce ba, ban ce ya buɗe murfi ba. Aikin minti biyar da sukundireba.

Na je banki na cike takarda, an ce za a bi sawun asusun biyu. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma ina haɗa takardar koke da zan kai ofishin EFCC na Sakkwato. Shekaranjiya wani bawan Allah daga Gusau ya turo mini hoton wata talla, sabon suna, amma teburin nan ne da labulen nan da na ƙare wa kallo a bidiyo. Yanzu amfilifayar McIntosh yake tallatawa, mai shuɗin allon nan ta Amurka. Wutarsu can bolt 120 ce, na tabbata wannan ma ya haddace, yana jiran mai wayo ya tambaya.

Kada ka biya sai ka ji da kunnenka a kan sifika ta gaske, kuma an buɗe murfi a gabanka ko gaban naka. Asusu ya canza suna, tsaya. Shi ke nan.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit huɗu, da muryarsa inda yake cewa kada in kuskura, da bidiyon cikin da ƙanena ya ɗauka a shagon dattijo. Zan sa su gobe in Allah ya kai mu, sai na rufe sunaye da lambobi tukuna saboda maganar tana hannun hukuma. Maman yara har yanzu miliyan 1 ta sani. Jiya ta shigo falo ta tarar da ni zaune ina kallon abin, ta ce, "Alhaji, in dai ba a amfani da ita, ka ba ni in riƙa ɗora fulas." Na ce ta ɗauka. Ta gwada ɗagawa ta kasa. Allah ya isa tsakanina da shi, miliyan 3 da dubu 850, ban da dubu 45 na waya da man janareta na mako guda.