Yaya, kada kuɗin nan su kwana a banki

Yaya, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ka ce ko in haƙura da fulotin Rijiyar Zaki in nemi gida a nan Mancesta, tunda nan nake aiki. Bari ka ji yadda harkar gida take a Ingila, sai ka yi mini alƙalanci.

Haya a nan wata-wata ake biya. Kuɗin ajiyar da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar mako 5, doka ce tun 2019, kuma ba a aljihunsa za su zauna ba, dole ya kai su asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Dokar ta kuma hana dillali karɓar la'ada a hannun ɗan haya. Ranar da zan tare, wata mata ta zo da waya tana ɗaukar hoton komai, har tabon shayi a kan kafet da wata 'yar tsaga a gilashin tagar kicin, sannan ta sa na sa hannu. Ina tsaye sai na tuna tarewarku a Ɗorayi: sai da ka sayar da babur ka haɗa kuɗin shekara cif, ka sallami dillali, da rufin ya fara yoyo da damina kuma kai ka nemo kafinta. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

To amma kada wannan ya ruɗe ka. Hayar nan tana cin kusan rabin albashina. Ga harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya, ga kuɗin gas da na wuta da suke tashi da zarar sanyi ya shigo. Ranar 1 ga wata kuɗin za su fita daga asusunka da kansu. Babu wanda za ka ce wa "Alhaji, a ɗaga mini ƙafa zuwa Juma'a."

Saye kuwa, da wuya ka ga wanda ya tara kuɗi ya biya a dunƙule. Ka kawo kamar kashi 10 cikin 100, banki ya cika sauran, ka yi ta biya shekara 25 da kuɗin ruwa a kai. Babban bankin Ingila ya ɗaga ruwan daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 zuwa 5.25 a Agustan 2023, kuma na ga abin da hakan ya yi wa wani abokin aikina. Yarjejeniyar shekara 2 da ya yi da banki kan tsayayyen kuɗin ruwa na ƙarewa, biyan wata ya yi tsalle, yanzu Asabar ma aiki yake fita. Mu Musulmi ga matsalar riba a gabanmu. Akwai irin su Gatehouse Bank da za ku sayi gidan tare, kana biyan haya a kan kasonsu kana saye shi sannu a hankali, kusan irin tunanin bankin Jaiz a gida Najeriya. Duk da haka ɗaurin shekaru ne, ni kuma ban zo nan don in tsufa ba.

Abu guda na so a ce muna da shi: wani asusun ajiya da wanda bai kai shekara 40 ba zai buɗe don gidansa na farko. In ya zuba fam 4,000 a shekara, gwamnati ta ɗora masa 1,000. Ka ga adashin da uwar adashi ke ƙara maka kuɗi.

Abin da Kano ta fi su da shi kuwa, mutum ya gina gidansa da abin da Allah ya hore masa. Bana ya buga bulo, baɗi ya kai linta, ya rufa ɗaki biyu ya shiga, ba a binsa ko sisi. A nan ƙaramin ma'aikaci bai isa ba.

Damuwata naira ce. Tunda aka bar kasuwa ta yanke mata farashi a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce 10,000. Kuɗin da aka bari a banki narkewa suke yi kamar ƙanƙara a rana. Don haka, don Allah, da zarar na turo, ka fara zuwa KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a jihar Kano, a duba ko filin yana cikin tsarin gwamnati. Takardar mai unguwa da ta dagaci a karɓa, amma kada a tsaya a kansu. In komai ya yi daidai a biya gaban shaidu, a zagaye da katanga. Ragowar ka shiga Ƙofar Ruwa ka sayi rodi a ajiye a zauren Hajiya. Siminti kada a saya sai ranar da mai buga bulo ya shirya, danshi na kashe shi.

Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana hannun wanda zai taho ƙarshen wata.