Bankin abincin cocin Metodis na unguwarmu, abin da na gani da idona

Na daɗe ina son in rubuta wannan abu saboda ƴan uwa da ke karatu a nan Ingila, musamman masu iyali, don na san akwai da yawa da ke cikin matsi sun yi shiru. Mun zo a watan Satumba na 2023, ni ce mai karatun digiri na biyu, maigidana da yaranmu biyu suka biyo ni, a wani gari muke a arewacin ƙasar. Kuɗin da muka lissafa a gida kafin mu taso wallahi ko rabin hanya bai kai mu ba, don tun da aka saki naira a watan Yuni na shekarar take zubewa, zuwa farkon 2024 fam ɗaya ya haura naira dubu biyu a kasuwa. Ga bizar ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ka yi aiki a sati lokacin karatu, kuma an rubuta maka ƙarara ba ka da haƙƙin tallafin gwamnati. Haya, wuta, gas, kuɗin makaranta da ya rage, toh ina za ka kama.

Wata maƙwabciyata ce ta ce in je cocin Metodis da ke bayan tashar bas ɗinmu ranar Laraba, suna da abin da suke kira bankin abinci, wato wurin da ake ba mabuƙata kayan abinci kyauta. Gaskiya sai da na yi sati uku ina juya maganar a raina. Ni musulma da hijabina in shiga coci karɓar abinci, ga kunya, ga tsoron kar a ce sai na zauna wa'azi tukuna. Ranar da na je ɗin ma ruwa ake yi, wajen ƙarfe huɗu amma gari ya riga ya yi duhu kamar bayan magariba, haka Disamba take a nan.

Ta ƙofar gefe ake shiga, wani zaure ne daban da inda suke ibada, da tebura da kujerun roba, hita a kunne ɗakin ya yi ɗumi. Wata dattijuwa ce ta tare ni, ta kalle ni ta ce "sannu ɗiyata, daga ina?" da Hausa! Ashe ƴar Ghana ce, kirista, ta tashi kusa da zango a Kumasi. Na ce Mama daga Najeriya nake, ta riƙe hannuna ta ce hannunki ya yi sanyi zauna ki sha shayi tukuna sauran magana ta biyo baya. Wallahi sai da hawaye ya zubo min, don tun da na zo ban ji wani babba ya kira ni ɗiya ba. Ta sa wa ƙaramin nawa biskit a aljihun rigar sanyinsa ta ja zif ɗin ta rufe.

Tsarin nasu ya burge ni. Wurare da yawa a ƙasar nan sai ka zo da takardar turowa daga likita ko makarantar yara ko ofishin ba da shawara kafin a ba ka abincin kwana uku, su kuma nan suna kawai suka tambaya da yawan mutanen gida da abin da ba ma ci. Ba a ɗaure maka leda a miƙo maka, kwando ake ba ka ka zagaya ka ɗauki abin da gidanka ke buƙata, wannan kaɗai ya rage min nauyin da nake ji a ƙirji. Akwai shinkafa, taliya, man girki, madara, tumatirin gwangwani, kifin gwangwani, dankalin turawa, albasa, burodin da kantuna suka bayar na ranar, sabulu, famfas, har audugar mata an ajiye a wani lungu yadda za ki ɗauka ba mai kallonki.

Maganar wa'azi kuwa, a wata bakwai da na yi ina zuwa ba wanda ya taɓa ce min in zo ibada ko ya miƙo min wata takarda. Akwai wani ɗan akwati a gefe wanda ke son a yi masa addu'a ya rubuta ya jefa, shi ke nan. Ranar da la'asar ta kusa kuɓuce min Mama da kanta ta buɗe min wani ɗan ɗaki ta ce yi sallarki a nan. Kuma na lura ko a liyafarsu ba a kawo giya harabar, sai daga baya na ji ai tsohuwar ƙa'idar ƴan Metodis ce.

Abin da ya fi min abincin amfani ma shi ne teburin shawara da ke can ƙurya. Takardar harajin gida ta zo mana daga ƙaramar hukuma, kuɗin da na gani ya hana ni barci kwana biyu. Wani dattijo bature mai aikin sa kai ya sa tabarau ya karanta ta layi layi, ya ce ɗalibi mai cikakken karatu ai ba ya cikin masu biyan wannan harajin, in karɓo shaida daga jami'a, ya kuma zauna muka cike fom ɗin tare. Shi ne dai ya taya mu rubuta wa mai gidan hayarmu wasiƙa kan baƙin fumfuna da ya cinye bangon ɗakin yara har ƙaramin ya fara tari, bayan mun yi ta kira ana mana alkawari. Sati biyu da wasiƙar aka turo mai gyara.

Na tambayi rabaran ɗinsu, mace ce, me ya sa suke wannan wahala, ta ce ai gado ne. Wanda ya kafa tafiyar Metodis, John Wesley, an haife shi 1703 ya rasu 1791, tun a 1746 ya buɗe wurin ba talakawa magani kyauta a Landan, yana da asusun ba masu ƙananan sana'a rance, a 1774 ya yi rubutu yana la'antar cinikin bayi, kuma kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta wa William Wilberforce, ɗan majalisar Birtaniya mai fafutukar hana cinikin bayi, wasiƙa yana ƙarfafa masa gwiwa kan yaƙi da bauta. Da ta ji daga Najeriya nake ta ce ai tun 1842 mai wa'azinsu Thomas Birch Freeman ya sauka Badagry. Har yau ba rabon abinci kaɗai suke ba, na ga suna tara sa hannu suna rubuta wa ɗan majalisar yankin kan tsadar haya da halin masu neman mafaka, a cewarta miƙa leda kowane sati bai isa ba in ba a taɓa abin da ke kawo mutane layin ba.

Amma fa akwai gyara, kuma na faɗa musu baki da baki. Na farko maganar halal. Naman gwangwani kusan duk ba namu ba ne, sau biyu ina samun miyar gwangwani mai naman alade a cikin kayan da aka ce babu nama, dole sai kin tsaya kin karanta bayan kowane gwangwani, har alawar yara sai an duba. Ba da gangan ba ne na sani, masu jerawa tsofaffi ne kuma kullum ana canza su, amma a unguwar da musulmi ke da yawa ya kamata a ware kanta guda. Sai lokaci, awa biyu ne kacal a sati, in ya yi karo da lacca ko aiki ka rasa na wannan satin ke nan, in kuma ka zo a makare kayan ganye da burodi sun ƙare. Wani lokacin layi na kaiwa waje cikin ruwa da sanyi da yara a hannu, alhali zauren zai iya ɗaukar kowa da an buɗe da wuri.

Da azumin 2024 ya zo sun saka dabino a cikin kayan bayan wasu cikinmu sun yi magana, kanta ta halal ɗin dai har yanzu ana kan magana. Ni kam in za a ba da maki huɗu nake ba su cikin biyar. Yanzu da Allah ya buɗa maigida ya samu aiki na tsayayye mun daina karɓa, ni ce ma nake zuwa duk Laraba ina taya Mama jera kaya, ni ke duba bayan gwangwanaye. Wanda zai je irin wurin ya riƙe jakarsa mai ƙarfi daga gida don ledojinsu na saurin yagewa, kuma ya isa kamar minti 20 kafin a buɗe.