Kwana biyu a kan ruwan Ha Long, daga Jidda muka je

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da muka dawo ake ta tambayata, wai ina ne wurin nan mai duwatsu a cikin ruwa, nawa kuka kashe, ya kuka yi da abinci, to yau ba ni da duti, bari in zauna in ba ku labarin gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani mustashfa, wato asibiti, nan Jidda, maigidana kuma yana aiki da wani kamfanin fiton kaya a mina, tashar jiragen ruwa, shekara da shekaru yana kallon jiragen ruwa suna shiga suna fita amma bai taɓa kwana cikin ko ɗaya ba. Bana aurenmu ya cika shekara 10, sai muka daidaita ijazarmu, wato hutun aiki, ta faɗo lokaci guda a watan Nuwamba, muka kai yara Makka wajen Hajiya, muka kama hanyar Biyetnam. Hajiya ba ta so tafiyar ba sam. Ta ji labarin jirgin 'yan yawon buɗe ido da guguwa ta kifar a wannan ruwan a watan Yulin 2025, mutum sama da 30 suka rasu, Allah ya kiyaye gaba, ta ce min "ke 'yar nan, duk faɗin ƙasar Allah sai cikin ruwa?" Kuma tana da gaskiya, shi ya sa ma muka kauce wa daminarsu, daga wajen Yuni zuwa Satumba lokacin guguwa ne, ana iya hana jirage fita kwata-kwata ko da ka biya.

Takardu ba su ba mu wahala ba. Huruj wa auda, wato izinin fita da dawowa Saudiyya, ta manhajar gwamnati ta Absher kamar kullum, bizar Biyetnam kuma ta intanet ake cikewa, dala 25 ta shiga sau ɗaya. Ta Doha muka bi zuwa Hanoi, agogonsu yana gaban namu da awa 4. Muka kwana biyu a tsohon gari, muka samu Juma'a a masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, ɗan ƙarami ne amma cike da baƙi daga ko'ina. Da safe motar kamfanin ta ɗauke mu daga otal, awa biyu da rabi a kan babban titi sai ga mu a tashar jirage ta Tuan Chau.

Ha Long wani lungun teku ne a lardin Quang Ninh, arewa maso gabashin ƙasar, kuma abin da ya sa duniya take zuwa shi ne tsibirai 1,969 da suka tsittsiro daga cikin ruwa, yawancinsu dutsen farar ƙasa ne tsaye ƙyam kamar an dasa, kansu lulluɓe da kore shar. Ruwan sama da igiyar teku ne suka yi ta cin dutsen tsawon miliyoyin shekaru, shi ya sa za ka ga gindin kowanne ya zaizaye ya shige ciki, saman ya fi ƙasan faɗi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya tun 1994. Mu da muka tashi a bakin Bahar Maliya mun san ruwa, mun san Abhur mun san Kornish, wuraren shaƙatawa na bakin ruwan Jidda, amma ruwanmu shuɗi ne a buɗe rana na dukansa, nasu kuwa kore ne kwance lumui ko motsi ba ya yi saboda duwatsun sun tare iska. Ni da ko a mota nake jin jiri, ƙwaya ɗaya ban sha ba har muka sauka.

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba tunda akwai ƙorafi a maganata. Jirgin ƙarfe ne mai hawa huɗu, ɗakuna ba su da yawa, namu yana da baranda da kujeru biyu da bahon wanka a jikin taga, AC na aiki, zanin gado fari tas, ta wannan ɓangaren ba ni da ta cewa. Mu biyu mun biya kusan riyal 4,500, da mota da abinci da shiga wurare duk a ciki, ban da abin sha. Ku riƙe wannan, lemo da kofi da ruwan kwakwa duk lissafinsu daban kuma da tsada, ranar sauka ake miƙo maka takarda. Sannan abin da suke kira kwana uku, gaskiya ba kwana uku ba ne, mun shiga wajen sha biyun rana, jibi da sha ɗayan safe muna kan tudu, ko awa 48 bai cika ba, ɗakin ma tun tara da rabi suka karɓe.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta ɓata min rai a ranar farko. Tun wajen kama ɗaki ta intanet na rubuta musu mu Musulmi ne, ba ma cin alade, ba giya a girki, suka amsa da to. Muna zama cin abincin rana sai ga ɗan nannaɗen nan nasu soyayye kamar sambusa, maigida ya gutsura ya duba ciki ya ajiye, ya kira yaron ya tambaya, yaron ya shiga kicin ya dawo yana ta ba da haƙuri, naman alade ne a ciki. Wallahi sai da cikina ya juya, na kasa taɓa komai a teburin. Saƙon namu ya tsaya a ofis bai iso jirgi ba. Amma zan faɗi gaskiya a kan manajar jirgin, wata 'yar siririyar mata, ba ta tsaya kare kanta ba, ta zo da mai girkin har teburinmu, muka zauna muka yi bayani dalla-dalla, ba alade, ba man alade, ba romon ƙashinsa a miya, ba giyar girki, kaza da naman sa ma mun yafe tunda ba mu san yankan ba, kayan ruwa da ganye kawai, kuma a tukunya daban. Daga wannan lokacin har muka sauka ba a sake kuskure ba, kowane faranti ya zo sai ta biyo shi ta ce min madam wannan kaza da kaza ne a ciki. Kifi gasashshe a ganyen ayaba, jambari, wato jatan lande, manya da aka turara, ƙaguwa, habbar mai kama da dorinar ruwa, miyar taliyarsu da romon kifi da safe. Mun ci mun ƙoshi. Shawarata, kada ku dogara da abin da kuka rubuta a intanet, kuna taka jirgin kafin ku ajiye jaka ku nemi manaja. Ni na tafi da yajina da dabino da ɗan kilishi, sun yi min rana sosai.

Yammacin farko suka kai mu tsibirin Ti Top, wanda aka sa wa sunan ɗan sama-jannatin Rasha Gherman Titov da ya zo wurin tare da shugaban Biyetnam ta Arewa Ho Chi Minh a 1962, mutum-mutuminsa na nan a bakin yashi. Matakala wajen 400 ake hawa zuwa ƙololuwa, ga mutane kamar ranar Arfa, kana hawa ana turo ka daga sama. Daga can sama kam kallon ya kai, jirage farare birjik a tsakanin duwatsu, amma cunkoson ya rage masa armashi. Haka kogon Sung Sot, ƙato ne na ban mamaki, ka shiga ta ƙaramar kafa sai ka tsinci kanka a fili kamar zauren biki, duwatsu na reto daga sama, sai dai layi ne kawai kuke bi ba damar tsayawa. Kuma duk jirgin da ya shigo nan yake kai mutanensa, mai tsada da mai araha. Da dare inda muka ja birki akwai jirage sun fi ashirin kewaye da mu, wani na kusa ya saki kiɗa har wajen sha ɗaya. Na kwanta ina cewa anya kuɗin nan bai tafi a banza ba.

Rana ta biyu ce ta canza min ra'ayi, kuma saboda ita nake wannan dogon rubutun. Yawancin mutane kwana ɗaya suke saya, to da safe su ake mayarwa tasha, mu 'yan kwana biyu, mu tara kacal, aka zuba mu a wani ƙaramin jirgi aka nausa da mu can ciki inda manyan ba sa zuwa. Minti arba'in da tafiya sai na lura ba na jin komai sai injinmu, da aka kashe shi kuwa sai kukan shaho a sama da ɗigar ruwa daga jikin dutse. Aka ba mu ɗan kwalekwale na mutum biyu da filafili da rigar ceto, ni a gaba maigida a baya, na ɗaure hijabina cikin rigar muka shiga. Akwai wata ƙofa a gindin dutse, ƙasa-ƙasa sai ka sunkuyar da kai, duhu da sanyi, kawa manne a bango ko'ina, ruwa na ɗigo min a wuya, muna fitowa ɗaya gefen sai ga tafki zagaye da duwatsu ta kowace fuska ba wata mafita sai inda muka shigo. Shiru. Na tsoma hannu ina ganin yatsuna a cikin ruwan, ƙananan kifi suna bi ta ƙarƙashinmu. Maigida mutum ne mai surutu, duk wanda ya san shi ya sani, amma ya ajiye filafili a cinya ya yi tsit, can sai na ji yana ta maimaita "Rabbana ma khalaƙta haza baɗila" a hankali. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, wata goma sha ɗaya ina tsakanin ƙarar na'urori da kukan majinyata da dutin dare, na manta akwai irin wannan shirun a duniya.

Daga nan muka biya ta Cua Van, ƙauyen masunta da ke kan ruwa, gidaje a kan ganguna. Yawancin mutanen gwamnati ta mayar da su tudu tun 2014, saura 'yan kaɗan masu kiwon kifi da mata masu tuƙa baƙi a kwalekwalen gora. Wadda ta tuƙa mu ta kai sa'ar Hajiya, hannunta duk kanta, ba ma jin yaren juna amma ta nuna lallen hannuna tana murmushi, na ba ta dabino ta ci ɗaya ta ƙulle sauran a bakin gyalenta. Gonar lu'ulu'u kuma sun nuna mana yadda ake buɗe kawa a dasa mata ɗan ƙwallo a mayar ruwa shekaru, abin sha'awa, amma ƙarshensa shago ne, ban sayi komai ba. Abin da ya sosa min rai shi ne shara, farin soso na ganguna da robobi suna yawo a wasu lunguna, duk da an hana shiga da robar ruwa ta yarwa tun 2019. Wuri irin wannan bai cancanci haka ba.

Salla fa? Ba masallaci a jirgin, ba kuma buta, mun tafi da tamu ta roba da darduma biyu, ɗakin ya ishe mu jam'i. Muka yi ƙasaru muna haɗa azahar da la'asar. Abin da ya ba ni mamaki, mu da a Jidda gabas muke kallo, Bahaushe ma in ya ce ya kalli gabas ai salla yake nufi, a can alƙibla yamma take, ɗan karkace zuwa arewa, wato magariba kana kallon inda rana ta faɗi. Kuma jirgin da ke kan anga juyawa yake a hankali, inda ka kalla da isha ba nan za ka kalla da asuba ba, sai ka sake duba kamfas a jawwal, wato wayar hannu, kowane lokaci. Intanet ɗin jirgin ba abin dogaro ba ne, ku sauke manhajar da ke aiki ba netwok tun daga Hanoi. Asubar ƙarshe bayan mun idar na fita baranda da shayi, hazo ya rufe komai, sai duwatsun suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, Turawa na saman jirgi suna motsa jikinsu na taici, ni ina ƙasa da carbina.

To ga mai tambaya ko ya cancanci kuɗinsa, e, amma na kwana biyun. In na kwana ɗaya za ka saya gara ka riƙe kuɗinka, cunkoson kawai za ka gani ka dawo. Tsofaffi masu ciwon gwiwa su bar Ti Top da kogon, su zauna a baranda ba su yi asara ba. Masu ƙananan yara kuma su yi tunani, ƙarfen barandar bai yi min tsayin da zan saki jiki ba.

Da muka je ɗauko yara na nuna wa Hajiya bidiyon tafkin nan, da takardar kuɗinsu ta dong 200,000 da na ajiye saboda hoton ɗaya daga cikin duwatsun Ha Long ne a bayanta. Ta daɗe tana kallo, sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba, yadda mahaifiyarta ta taso daga ƙasar Kano ta bi ta Sudan shekaru a hanya, ta hau jirgin katako daga Sawakin zuwa Jidda da goyo a bayanta, ruwan sha a gwangwani ana auna musu. Ta ce "ita tsoro ya hana ta buɗe ido har suka iso, ke kuma kin biya kuɗi don ki kalla." Ta miƙo min jawwal ɗin ta ce in sake kunna mata daga farko.