Anan tirela da kanta take ba da shaida

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya ƙafar Hajiya? Ka ce in ba ka labarin aikin tirelar nan, to ga ni a fake a wani gidan mai kusa da Dallas, na'ura ta ce awowina sun ƙare dole in kwanta, shi ne na ce bari in rubuto.

Ita na'urar ELD ake ce mata, kamar ƙaramar waya ce a manne da dashbod tana haɗe da inji, tun Disamba 2017 gwamnatin Amurka ta wajabta ta a manyan motoci. Awa 11 kawai za ka tuƙa sai ka huta awa 10 cur, kuma in ka yi awa 8 kana tuƙi dole ka tsaya minti 30. Da taya ta fara juyawa ta fara rubutu. Na tuna direbobinmu masu ɗauko kaya daga Apapa su miƙe har Kano da goro a baki ido jawur, wallahi anan da tuni an ajiye su gefen titi.

Amma abin da ya sa na fara ganin girman abin shi ne haɗarin abokin zamana, wani ɗan Damagaram da muke haya tare a Houston. Bara tirela ta daki ƙaramar motarsa ta baya a kan babbar hanyar I-45, ƙugu ya karye, wata uku yana kwance ni nake dafa masa tuwo. Direban tirelar ya rantse wai abokin nawa ne ya faɗo masa gaba ba sigina. Mu har mun fara cewa to Allah ya isa, don wa za ka kira shaida a titin da kowa ke gudu? Lauyan da muka samu ko ta kan rantsuwar bai bi ba, ranar da muka je ranar ya aika wa kamfanin tirelar takarda cewa kar su taɓa motar, kar su goge komai. Ashe injin kansa yana da kwamfuta, ECM, nan "black box" suke ce mata, in aka taka birki da ƙarfi tana ajiye wajen minti ɗaya kafin nan, gudun motar, juyin inji, ƙafarka na kan totur ko a'a, da daƙiƙar da ka taɓa birki. Kuma in aka gyara motar ta koma hanya sabon bayani na iya hawa kan tsohon ya shafe shi, rikodin ELD ma wata 6 doka ta ce a ajiye, shi ya sa lauyan yake ta sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Na ga takardar bayanin ECM ɗin da idona, layi layi kamar sakamakon gwajin jini, kowace daƙiƙa da lambarta. Gudun ya wuce ƙa'ida, totur a danne, layin birki shiru sai can daf da ƙarshe. Motar da in ta cika kaya take kai fam 80,000, wajen tan 36 fa. Daga nan inshorar kamfanin ta sauko aka fara maganar sulhu, dama doka ba ta barin irin motar nan ta ratsa jihohi sai da inshorar aƙalla dala 750,000.

Sai Kawu ya faɗo min, Allah ya jiƙansa. Haɗarin da ya yi ajalinsa a Kwanar Dangora, direba ya tsere daji, yaron mota ya ce birki ne ya shanye, mai mota ya aiko buhun shinkafa ranar uku, shi kenan maganar ta mutu. Ƙaddara gaskiya ce ban musa ba, amma har yau ba wanda ya san ko birkin ne ko barci.

Kar ka ɗauka nan aljanna ce fa. Lauya kashi ɗaya cikin uku ya ɗauka, asibiti ma suka zo da takardarsu mai tsawo kamar hanyar Maiduguri, aka fi shekara ana kai da kawo, kuma a Texas in ka wuce shekara 2 ba ka shigar da ƙara ba ka yi asara. Sannan ni ma shaidar nan a kaina take, akwai kyamara mai kallon titi akwai mai kallon fuskata, ran nan hamma kawai na yi ta yi ƙara, ko goro na ɗauko sai in ji kamar ana leƙo ni daga ofis.

Wai ina labarin na'urar rage gudun da Road Safety suka ce a saka a motocin haya, tana aiki kuwa ko an cire? In wani zai taho ka sa min yaji da kilishi, na nan duk sukari ne. A gaida Hajiya, zan kira ranar Juma'a in sha Allah.