Raku da tukunyar ƙasa, wanne za ki iya cin abinci a ciki?

Hajiya, kin tambaya wai kwanonin raku ɗin da kika gani a Instagram ba irin tukunyarmu ba ne, kuma ko za ki iya dama fura a ciki. To suna da kama sosai amma fura kam a'a don Allah.

Asalin raku daga Kyoto ne a Japan, ƙarni na 16, wani magini Chojiro ya fara gina kofunan shayi da hannu kawai ba injin juyi, kamar dai yadda matan Gwari ke gina randa. Amma mai ƙyallin nan kalar jan ƙarfe da tsage-tsage baƙaƙe da kika gani salon Amurka ne, wani magini Ba'amurke Paul Soldner ya yaɗa shi wajen 1960. Ana ciro kwanon daga wuta yana ja zur, zafi kusan digiri 1000, a jefa cikin garwa mai dusar katako ko jarida a rufe, hayaƙin ya shige duk inda fenti, wato shafen ƙyallin da ke jikin kwanon, ya tsage ya mai da shi baƙi. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya, abin da ke sa shi tsada ke nan.

Namu kuma a fili ake gasawa da itace da ciyawa, zafin bai kai haka ba, kuma wasu masu ginin da zafinta suke yayyafa wa tukunya ruwan makuba na ɗorawa ta yi duhu ta ƙara ƙarfi, ni wallahi wannan ya fi burge ni.

Duka biyun suna tsatsafo. A randa alheri ne, tsatsafon nan shi ke sanyaya ruwa, kuma ba fenti a jikinta. A raku kuwa fentin akwai sinadaran ƙarfe, ga shi a tsattsage, abu mai tsami irin nono zai iya jawo su cikin abinci, saura kuma ya maƙale a tsagar ba ya wankuwa. Ki aje shi a falo ki sa busassun furanni, ko ruwa kar ki zuba.

In mai ƙyalli kike so na cin abinci, ki nemi wanda aka gasa a zafi sama da digiri 1200, irin wanda Ladi Kwali ta yi a makarantar tukwane ta Suleja da wani magini ɗan Ingila Michael Cardew ya buɗe, hoton Ladi ɗin ne a bayan naira ashirin ɗin nan. Ki dai tambayi mai sayarwa ko fentin na abinci ne kafin ki biya.